ZAURANCEN POLARI DA 'YAN BARKWANCIN REDIYON INGILA

1. Gabatarwa

Masana harshe sun daɗe da lura cewa duk inda aka sami wata jama'a wadda hukuma ke farauta, ko wadda sauran mutane ke ƙyama, a kan tarar tana da irin maganarta wadda bare ba ya ganewa. Ɓarayi suna da tasu, 'yan caca suna da tasu, haka kuma fursunoni. A cikin shekarar 1976 wani shehun malamin harshe na Ingila, M. A. K. Halliday, ya raɗa wa irin wannan magana sunan da za a iya fassarawa da kishiyar harshe, domin tana zaune gida ɗaya da babban harshe, amma kullum bayanta ta ke ba shi. Bahaushe kuwa ya riga ya san ta, shi zaurance ya ke ce mata.

Wannan takarda za ta bi tarihin wani zaurance na ƙasar Ingila wanda a ke kira Polari. Maza masu neman maza 'yan'uwansu su ne suka fi amfani da shi, tun daga wajen 1930 har zuwa wajen 1970, a zamanin da dokar ƙasarsu ke ɗaure mutum saboda wannan. Abin da ya sa tarihinsa ya isa nazari shi ne, 'yan barkwanci biyu sun ɗauke shi daga lungu sun kai shi gidan rediyo, miliyoyin mutane suka yi ta dariya, kana ba a daɗe ba ya mutu. Yanke hukunci a kan ɗabi'ar masu shi ba aikin wannan takarda ba ne. Tambayarta ta harshe ce da tarihi: me ya haifi zaurancen, me dariya ta yi wa masu shi, me kuma ta kasa yi musu?

2. Asalin kalmomin

Sunan Polari daga kalmar Italiyanci "parlare" ya fito, watau yin magana. Tushensa kuwa yana wajen masu wasannin kasuwa. Tun a 1662 Samuel Pepys ya rubuta cewa ya ga wani mutumin Italiya yana wasan 'yar tsana a Landan, wasan da daga baya ya zama Punch da Judy. A cikin ƙarni na 19 mutanen Italiya masu kiɗa da masu wasa a kan titi suka yawaita a biranen Ingila, suka cuɗu da 'yan wasan dabo da masu yawo da namun daji gari gari. Daga wannan cuɗanya wata sara ta fito, wadda a ke ce wa Parlyaree, har Henry Mayhew ya rubuta kaɗan daga cikinta daga bakin wani mai wasan 'yar tsana, a littafinsa na talakawan Landan wanda ya fara fita a 1851. Daga kasuwa sarar ta shiga gidajen wasan kwaikwayo, ta shiga jiragen ruwa na fasinja, inda maza masu neman maza da yawa ke samun aiki, suka karɓe ta suka ƙara mata nasu.

In an tankaɗe kalmomin Polari a kan ga rijiyoyin da aka ɗebo su. Daga Italiyanci aka sami "bona", watau mai kyau; "vada", duba; "omi", namiji; "nanti", babu ko a'a; da ƙirga irin "una", "dooey", "tray". Mace "palone" ce, in aka haɗa biyun aka ce "omi-palone", to, ana nufin namiji mai neman maza. Waɗansu kalmomin an aro su daga harshen Yahudawan gabashin Landan, waɗansu daga sarar ɓarayi, waɗansu daga bakin matuƙan jiragen ruwa, waɗansu kuma daga sojan Amurka da suka zo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Akwai kuma kalmomin da aka juya, kuma nan ne ɗalibin Hausa zai ga abin da ya sani. Kalmar Turanci ta gashi, "hair", ta zama "riah". Ta hanci, "nose", ta zama "esong". Ta fuska, "face", ta zama "ecaf", sa'an nan aka datse ta ta koma "eek". Amma fa akwai bambanci mai ma'ana. Bahaushe in zai yi zaurance gaɓoɓin furuci ya ke juyawa, ya mai da "gida" ta zama "dagi", ko kuwa ya cusa wata gaɓa tsakanin gaɓoɓin kalma; kunne ya ke bi. Masu tallar kayan miya na Landan, waɗanda suka ƙago wannan juyi, haruffan rubutu suka bi daga ƙarshe zuwa farko. Zaurancen Hausa ɗan baka ne, na Ingila kuwa ba ya yiwuwa sai an san yadda a ke rubuta kalmar.

Polari ba shi da nahawu nasa. Ginin jimla na Turanci ne, sunaye da sifofi da aikatau kaɗai a ke musanyawa. Mutum zai ce wa abokinsa "vada the bona lallies on that omi", watau dubi kyawawan ƙafafun mutumin can. Ƙananan kalmomin duka Turanci ne, amma duk waɗanda ke ɗauke da ma'ana an rufe su, na kusa da su a cikin bas yana ji ba ya ganewa. Binciken Paul Baker na Jami'ar Lancaster ya nuna cewa kalmomin da kowane mai Polari ya sani ba su wuce kamar 20 ba, sauran ɗaruruwan kuwa sun danganta ga gari da sana'ar mutum. Wata alama kuma ita ce kiran namiji da wakilin suna na mata, da raɗa wa maza sunayen mata. Ko 'yan sanda ba su tsira ba: ana ce musu "Lily Law", watau Lily 'yar doka, ko "Betty Bracelets", watau Betty mai mundaye, mundayen kuwa ankwa a ke nufi. Mutumin da ya mai da ankwa munduwa ya rage wa tsoro nauyi da dariya. Ashe tun kafin rediyo barkwanci yana cikin jinin wannan zaurance.

3. Dokar da ta sa aka ɓoye

Ba a yin zaurance sai da dalili, kuma dalilin Polari a rubuce ya ke cikin littattafan shari'a. A 1533, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka kafa dokar kisa a kan luwaɗi. Na ƙarshe da aka rataye su ne James Pratt da John Smith, a Landan, a 1835, kuma ba a soke hukuncin kisan ba sai 1861. A 1885 wani ɗan majalisa, Henry Labouchere, ya sa aka ƙara wani sashe a doka wanda ya haramta duk wata mu'amalar sha'awa tsakanin maza, ko da a ɓoye ne cikin ɗaki, da ɗaurin da ya kai shekara 2 da aikin gwale-gwale. Da wannan sashe aka ɗaure Oscar Wilde a 1895, a daidai lokacin da wasanninsa na ban dariya ke cika gidajen wasa na Landan. Wanda duk ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin da zai yi wa nasa. Dokar ta kuma buɗe kasuwa ga mugaye masu tsoratar da mutum da tonon asiri don su karɓi kuɗi, har aka riƙa yi mata laƙabi da lasin masu cin kuɗin rufin asiri.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamun ya ƙara tsanani. A 1952 aka hukunta Alan Turing, masanin lissafin nan da ya taimaka wajen warware saƙonnin asiri na sojan Jamus. Aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da allurar kashe sha'awa, ya zaɓi allura, ya mutu a 1954. A wannan shekara aka ɗaure Lord Montagu da Michael Pitt-Rivers da wani ɗan jarida, Peter Wildeblood, kuma a ƙarshenta maza fiye da 1,000 ne ke kurkukun Ingila da Wales saboda irin wannan laifi. Wannan shi ne zamanin da Polari ya fi ƙarfi. Mutum ya kan jefa kalma ɗaya cikin zance da baƙo; in baƙon ya cafe, an san juna, in bai cafe ba, ba a yi asarar kome ba. Baki shi ke yanka wuya, Polari kuwa kube ne da aka yi wa baki.

Hukuma ma tana da nata kame baki. Ba a sa wasa a dandali sai wani babban hakimin fadar Sarki ya duba ya ba da izni, kuma har 1958 ba ya yarda a taɓo wannan magana sam. Ba a karɓe masa wannan iko ba sai 1968. Gidan rediyon BBC kuma ya fid da wani ɗan littafin ƙa'idodi a 1949, mai koren bango, wanda ya hana 'yan barkwanci yin raha a kan abubuwa da dama, cikinsu har da maza masu halin mata. Wani abin lura ya faru a kwamitin da gwamnati ta naɗa a 1954 don ya duba dokar luwaɗi da ta karuwanci, ƙarƙashin John Wolfenden, shugaban Jami'ar Reading. Domin kada a ba matan da ke aiki da kwamitin kunya, Wolfenden ya kawo shawara a riƙa ce wa masu neman maza "Huntleys", karuwai kuma "Palmers", daga sunan kamfanin biskit na garinsa, Huntley da Palmers. Watau masu binciken ma sai da suka ƙaga zaurance kafin su iya magana a kan abin da aka tara su dominsa.

4. Julian da Sandy

A cikin watan Maris na 1965 BBC, gidan nan da ya buɗe sashen Hausa a 1957, ya fara wani shirin barkwanci mai suna Round the Horne, ranar Lahadi da rana, lokacin da iyali ke taruwa a ci abinci. Ya yi zango huɗu har 1968, masu saurare kuwa miliyoyi ne. Barry Took da Marty Feldman suka rubuta zango uku na farko. A lokacin an riga an jingine koren littafin, gama Hugh Greene, wanda ya shugabanci BBC daga 1960 zuwa 1969, mutum ne mai sakin linzami.

Cikin shirin akwai wasan mutum biyu, Julian da Sandy. Hugh Paddick ne Julian, Kenneth Williams ne Sandy, kuma su biyun a rayuwarsu ta gaskiya masu son maza ne, suna zaune ƙarƙashin dokar da aka bayyana a sama. A cikin wasan, 'yan wasan kwaikwayo ne da aiki ya yanke musu, kowane mako sai su buɗe sabuwar sana'a, yau kantin littattafai, gobe na dabbobin gida, jibi ofishin lauyoyi, kusan kowanne da "bona" a gaban sunansa. Mai shirin, Kenneth Horne, shi ne ke shiga wurinsu neman wata bukata, su tarye shi da Polari, su yaba, su kushe, su yi ta jifan juna da habaici.

Ginin wasan shi ne asirin ƙarfinsa. Horne dattijo ne mai sanƙo da murya ta natsuwa, tsohon hafsan sojan sama, tsohon darektan kamfani, irin mutumin da kowane magidanci a Ingila zai yarda da shi. A bayansa mai saurare ke shiga kantin. Horne kuwa ba ya fushi, ba ya ƙyama, ba ya kiran ɗan sanda. Sauraro ya ke yi da ladabi, wani lokaci ma ya jefa tasa kalmar Polari, su kuwa su yi ta mamakin inda ya tsinto ta. Saboda haka sau da yawa dariyar a kansa ta ke faɗawa. A gidan su Julian shi ne baƙo, su ne masu harshe, shi ne mai koyo. A jaridun wancan zamani ba a ganin irin waɗannan maza sai a labarin kotu, ko dai abin tsoro ko abin tausayi. A nan kuwa ga biyu masu fara'a da kaifin baki, ba wanda ya kama su, ba wanda ya mutu a ƙarshen labari.

Maganar wasan hawa biyu gare ta, kamar habaicin Hausa. A wasan da suka zama lauyoyi, sun gaya wa Horne cewa harkar laifi ce ke cinye yawancin lokacinsu. Yaro da kakarsa sun ji lauya mai shari'ar masu laifi. Wanda ya san dawan garin ya ji mutum yana faɗa wa ƙasa duka, ta rediyon gwamnati, cewa zamansa kansa laifi ne a idon doka. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda ya ke. Waɗansu kalmomin da aka saka a shirin, da an fassara su da Turanci sosai, da ba su wuce teburin mai tacewa ba. Masu kishin tarbiyya irin su Mary Whitehouse, wadda ta fara yaƙin tsabtace talbijin a 1964, sun yi ƙorafi a kan shirin, amma Greene bai sa an taɓa shi ba. Duk da haka wasan bai taɓa fitowa ya faɗi abin da Julian da Sandy su ke ba. A shirin ƙarshe na 1968 ma sai aka ce ai suna da matan aure, wanda shi ma wata dariya ce ga masu ganewa. Horne ya rasu a Fabrairu 1969, shirin ya tsaya.

5. Wa ya sauya doka?

Tun da ya ke an sassauta dokar a 1967, lokacin da shirin ke tashe, a kan ji waɗansu suna cewa dariya ce ta karya ta. Jerin shekaru bai goyi bayan wannan ba. Rahoton Wolfenden ya fito a Satumba 1957, shekara takwas kafin a ji muryar Julian da Sandy, kuma shi ne ya ba da shawarar cewa abin da manya biyu suka yi cikin sirri da yardar juna ya fita daga hannun kotu. Cikin waɗanda suka ba kwamitin shaida har da Wildeblood, wanda da fitowarsa daga kurkuku ya rubuta littafi a 1955 ya faɗi ko shi wane ne da sunansa. A 1958 aka kafa ƙungiyar neman gyaran dokar, wadda ta yi shekaru tana rubuta wasiƙu tana zaman lacca. A 1961 Dirk Bogarde, wanda ke cikin manyan taurarin sinima na Ingila, ya sa sunansa a caca ya fito a fim ɗin Victim, labarin lauyan da ya tsaya wa masu cin kuɗin rufin asiri. A majalisa kuwa Lord Arran da Leo Abse ne suka ja ragamar, har dokar ta tabbata a Yuli 1967. Waɗannan duka da Turanci bayyananne suka yi magana.

Sassaucin ma ƙunci gare shi. Ya tsaya ga Ingila da Wales, ga waɗanda suka kai shekara 21, cikin sirri, ban da soja da ma'aikatan jiragen ruwa na ciniki, watau ban da ɗaya daga cikin manyan gidajen Polari. Sikotilan ba ta bi ba sai 1980, Ailan ta Arewa sai 1982. Lord Arran kansa ya roƙi waɗanda dokar ta sassauta wa su nuna godiya ta hanyar zama shiru da kamun kai.

To, mene ne rabon barkwanci? Ba shi ya rubuta doka ba, amma ɗan majalisa ba ya jefa ƙuri'a sai ya auna abin da mutanen mazaɓarsa za su iya haɗiya. Gidan da ya yi shekara biyu yana dariya tare da Julian da Sandy kowace Lahadi, da wuya ya ga dalilin da zai sa a kai su kurkuku. Ba a auna wannan da mudu, amma aikinsa ya yi kama da na yayyafin da ke tausasa ƙasa kafin manomi ya zo da fartanya. Ga saurayin da ke zaune a wani ƙauye kuwa, yana tsammani shi kaɗai ne irinsa a duniya, shirin ya gaya masa akwai waɗansu, har suna da harshe.

6. Mutuwar zaurancen

Abu biyu suka kashe Polari, kuma dukansu daga nasara suka fito. Na farko, zaurancen da miliyoyi suka ji ya tashi daga zaurance. Ɗan sanda ma yana da rediyo. Kalmomi irin su "naff", watau abin banza, da "butch" da "camp" suka malala cikin Turancin kowa, har a 1982 jaridu suka ba da labarin Gimbiya Anne ta kori masu ɗaukar hoto da kalmar "naff". Na biyu, da tsoron kurkuku ya ragu, bukatar ɓoyo ta ragu.

Sa'an nan sabon tashi ya zo da wata aƙida. A Oktoba 1970 aka kafa ƙungiyar Gay Liberation Front a Landan, a Yuli 1972 kuma aka yi jerin gwano na farko a birnin. Ra'ayin waɗannan samari shi ne ranar wanka ba a ɓoyon cibi: mutum ya faɗi abin da ya ke a fili, da harshen da uwarsa da maigidansa za su gane. A wurinsu Polari rigar bauta ce, kiran namiji da sunan mace kuma raina kai ne da raina mata. Suka juya wa 'yan barkwanci masu rangwaɗa baya. John Inman, wanda ya yi fice a wasan talbijin na Are You Being Served? daga 1972 zuwa 1985, sai da 'yan wata ƙungiyar neman daidaito suka yi zanga-zanga a ƙofar wani wasansa, suna cewa yana tabbatar wa jama'a abin da dama su ke zato.

Ƙorafin nasu yana da tushe. Dariya iri biyu ce, akwai wadda a ke yi tare da mutum, akwai wadda a ke yi masa, kuma mai wasa ba shi da iko a kan wadda mai saurare zai zaɓa. Jama'ar da ta saba ganin irin mutum a matsayin wawan sarki tana iya ƙaunarsa a dandali ta ƙi shi a maƙwabtaka. Kenneth Williams, wanda ya sa ƙasa duka dariya, littafin sirrinsa da aka buga a 1993, shekara biyar bayan rasuwarsa, ya nuna mutum ne mai kaɗaici wanda bai taɓa samun kwanciyar rai da halittarsa ba.

7. Daga habaici zuwa magana a fili

Shekarun 1980 sun zo da cutar ƙanjamau da sabon tsanani. A Janairu 1987 'yan sanda suka kai samame wata mashaya a kudancin Landan, Royal Vauxhall Tavern, sanye da safar hannu ta roba don tsoron cutar. Paul O'Grady, ɗan barkwancin da ke wasa cikin kayan mata da sunan Lily Savage, ya dube su ya ce ga alama an samo masu taya wanke-wanke. Wannan jikar "Betty mai mundaye" ce, amma yanzu a gaban ɗan sandan aka faɗa, da harshen da ya ke ji. O'Grady daga baya ya zama ɗaya daga cikin mashahuran masu shirin talbijin na ƙasar, har rasuwarsa a 2023.

A 1988 gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa dokar da aka sani da Sashe na 28, wadda ta hana ƙananan hukumomi yin abin da za a ɗauka yaɗa luwaɗi ne, har da a makarantunsu. Ana cikin muhawarar ne, a Janairu na shekarar, ɗan wasan kwaikwayo Ian McKellen ya faɗa a rediyon BBC cewa shi ma yana cikin waɗanda a ke magana a kansu. Shekara ashirin ke nan bayan Julian da Sandy sun yi shiru, a gida ɗaya, amma wannan karon babu "bona" babu "vada". A 1989 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Stonewall. An soke Sashe na 28 a Sikotilan a 2000, a Ingila da Wales a 2003, kuma a 2014 aka fara ɗaura auren jinsi ɗaya a Ingila.

Da hatsari ya wuce sai Polari ya dawo a matsayin kayan tarihi. Baker ya buga nazarinsa da ƙamusunsa a 2002. A 2011 aka kafa gasar littafi mai sunan Polari. David Bowie ya saka kalmominsa a wata waƙa ta faifansa na ƙarshe a 2016. Jikoki suna alfahari da abin da 'ya'ya suka ji kunyarsa, amma ba mai bukatarsa don tsira da kansa.

8. Abin da ɗalibin Hausa zai tsinta

Ba a kawo wannan tarihi don a ce kowace ƙasa hanyar Ingila za ta bi ba. Addini da doka da al'ada sun bambanta ƙwarai. Sai dai ta fuskar harshe akwai kama wadda ba ta ɓoyuwa. A biranen ƙasar Hausa an san 'yan daudu da sana'ar abinci a tashoshi da kasuwanni, da kusanci da bori, da gwanintar habaici da karin magana da shewa, da kiran juna da "ke" da "ta" cikin wasa. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990 ya kuma buga littafinsa a 2009, ya bayyana wannan salon magana, da kuma wata sara ta ɓoye da a ke ce wa yaren harka. Ya kuma ja kunne cewa ba kowane ɗan daudu ne mai neman maza ba, ba kuma kowane mai neman maza ne ɗan daudu ba. Masu fim ɗin Hausa sun ɗebi wannan salo don ban dariya, kamar yadda marigayi Rabilu Musa Ibro ya fito a matsayin ɗan daudu, kuma tambayar da aka yi wa Inman tana nan a kansu: dariyar tare da mutum a ke yinta, ko kuwa shi a ke yi wa?

Darasi na ƙarshe na mai bincike ne. Ƙamusun Polari ya fito shekara 35 bayan sassauta doka, sa'ad da fassara kalma ba ta iya kai kowa kurkuku. A Nijeriya kuwa dokokin shari'a na jihohin Arewa tun daga 2000, da dokar tarayya ta 2014 mai ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi ɗaya, suna aiki. Malamin da ya tara kalmomin zaurancen da masu shi ke fakewa da shi, ya buga su da fassara, ya yaye musu mayafi ne, ko da ilmi kaɗai ya nufa. Magana zarar bunu ce. Saboda haka ya wajaba ga mai nazarin irin wannan harshe ya auna abin da zai bayyana na tsarinsa, da abin da zai bar wa masu shi.